Mun Hau Soro

Garin Tawa, daren bikin 'yancin kai

Ƙafafuna na ciwo, amma ban yi nadama ba. Tun la'asar 'yan matana Hadiza da Rabi ke roƙona in bar su su tafi fili kallon wasan wuta. Na je da kaina na duba. Mutanen Kalfu da Bambeye sun cika gari, sojoji na tura jama'a, samari na matse 'yan mata kamar ba su da uwaye. Na ce 'ya'yana ba za su shiga nan ba. Hana su kallo kuma zalunci ne, bayan sun yini a rana suna jerin gwano da 'yan lakwal, wato 'yan makarantar boko. Sai na aro tsani muka hau soro.

Zamanmu ke nan sai ga Yaya Mahaman, wan maigida, a ƙofar gida. Ya ɗaga kai ya ce, "Zainabu, mace bisa soro, gari na kallo? Abin da lakwal ta koya miki ke nan? Sauko!"

Na ce, "Yaya, gari sama yake kallo. Nawa 'ya'yan ga su gefena. Naka suna ina yanzu?"

Bai sani ba. Ya juya yana huci. Wuta ta fashe, ja da kore, Rabi ta ƙanƙame hannuna tana dariya.

Gobe za a kira ni gaban dangi. Zan je, zan durƙusa in gaida kowa, amma haƙuri ba zan bayar ba.