Fitilar Baba da Kogon Sahuda

Assalamu alaikum Yaya,

Da fatan kana lafiya, kai da Anti da yara. Ya aiki, ya ruwan Fatakwal? Mu nan Mubi lafiya lau, ƙafar Inna ma ta yi sauƙi.

Maganar fitilar goshin nan ce da ka aiko wa Baba don shiga kogon Sahuda ɗibar kashin jemage na taki. Ya ce haskenta bai ishe shi ba, ya kai wa wani mai gyara a kasuwa. Ta dawo tana haske kamar ta babur, Baba sai murna. Ni kam hankalina bai kwanta ba. Na kunna ta bayan azahar, kafin la'asar ta mutu, ga zafi. A da kuwa wuni take yi. Da na buɗe, batirin bai kai naka nauyi ba, kuma an kankare rubutun jikinsa.

Na je wurin mutumin, ya ce, "Ɗan boko, haske ake so ko bincike?" Amma ya ƙi nuna mini tsohon batirin. Ban ce ya sace ba, tunda ban gani ba.

Ranar Asabar Baba zai shiga can ƙurya, inda mutum ba ya ganin ko tafin hannunsa. Na yi magana, ya ce digirina ba na jemage ba ne. Kai yana jin taka, don Allah ka kira shi kafin nan.

A gaida Anti da yara, a sa mu a addu'a. Fitilar dai tana ƙarƙashin katifata, Baba na zaton tana caji.

Ƙaninka.