Ƙwayoyin Bayan Shagonka

Baban Walida,

Gaisuwa mai yawa, da fatan kana lafiya, kai da Walida da Inna. Ya ƙafar Inna? Ya aikin shago?

A waya ƙarar injinka ba ta barin mu mu yi magana, shi ya sa na ɗauki biro. Ka tuna cokali ukun da na ɗebo daga ruɓaɓɓiyar dusar katakon bayan shagonka, kana ta yi min dariya? To, a ciki na samu ƙwayoyin bakteriya masu cin lignin, sinadarin nan da ke sa itace tauri har ya dakushe maka zarto. In sun ci, sai su fitar da wani ruwa da za a iya yin gam da shi. Kai da kullum kake kukan warin gam na sa ka ciwon kai, wannan ba ya wari.

Farfesar da ke duba bincikena a nan jami'a ta ce in gwajin ƙarshe ya yi kyau, wata uku na dawo gida. Wallahi kewarku ta ishe ni. Jiya na wuce wani kafinta yana feƙe katako, na yi tsaye ina shaƙar ƙamshin har ya ɗauka ciniki na zo.

Taka,
Maman Walida

Baban Walida,

Bayan gaisuwa da tambayar lafiyarku, na yi ɓarna, kuma da hannuna.

Ƙwayoyin nan a kan lignin girmansu sai a hankali, ni kuwa ina sauri. Sai na riƙa ƙara musu sukari duk mako in zan sauya musu farantin da nake renon su a ciki. Suka yi ɓul-ɓul, ina ta murna. Ashe sangarta su nake yi. Shekaranjiya na ba su lignin zalla, ko kallonsa ba su yi ba. Farfesa ta ce jikokin jikoki ne yanzu a hannuna, kuma sun rasa halin kakanninsu. Ta tambaye ni na farkon da ya kamata in adana a firiza. Ban adana ba, ɗokin gida ya sa na tsallake. Ba ta yi faɗa ba, gilashinta kawai ta cire ta goge, na gwammace ta zage ni.

Don Allah ka je bayan shago, wajen da ruwan famfo ke ɗiga. Ka tona kamu ɗaya, ka ɗebo baƙin na ƙasa mai danshi a kwalba, ka ba direban mota ya kawo min. In na same shi makon nan, wata ɗaya kawai zan ƙara.

Taka,
Maman Walida

Baban Walida,

Ina gaishe ka, ina gaida Inna. Saƙonka ya iso, da hoton.

Shekara shida ina yi maka mitar tsibin dusar nan, kana cewa gobe. Sai yanzu ka kwashe shi, ka ƙone, ka shafe wurin da siminti, har da benci don in dawo in samu wurin zama! Na yi dariya, na yi kuka, abokiyar aikina ta rasa wanne za ta taya ni. Kada ka ce laifinka ne. Bencin ya yi kyau ƙwarai.

Zan sake nema daga farko, a wasu ruɓaɓɓun itatuwan. Farfesa ta ce wata takwas, in an dace. Na so in tattara in taho haka nan, amma na san kai za ka fara kora ni.

Kada ka faɗa wa Walida wata ko rana, ka ce dai ina hanya. Rigar da na saya mata na ba 'yar maƙwabciyata, don ba za ta shige ta ba kafin lokacin. Ka tsayar da ita jikin bango, ka auna min tsayinta da zare, ka aiko. Ka ƙara yatsa huɗu a kai kafin ka yanke.

Taka mai kewarku,
Maman Walida