Kazar Ta Taka, Adisa Ba Ta Taka Ba

Zuwa ga mahaifiyata, Inna, da ke kwance a makabartar Tafo. Gaisuwa mai yawa tare da ladabi, da fatan kina cikin rahamar Ubangiji.

Bayan haka, kada ki yi mamakin ganin rubutuna. Sai da furfura ta fara fito mini matar liman ta koya mini ajami. Rubutun bai miƙe ba tukuna, ki yi haƙuri da shi.

Maganar jikarki Adisa ce, wadda kika bari tana rarrafe. Yanzu budurwa ce, tana taya babanta tsintar goro a rumfa. Farkon damina huhun goro ya suɓuce wa ɗan dako, ya faɗo mata a idon sawun hagu.

Muka kai ta wurin wani tsohon maɗori a Dichemso. Kin san al'adarsu. Ya sa muka kawo kaza, ya karya mata ƙafa, ya ɗaure da kara kamar yadda ya ɗaure ta Adisa. Ya ce ranar da kazar ta taka, yarinya ta warke.

Inna, kazar ta daɗe da takawa. Har ƙwai take yi.

Ƙashin Adisa ma ya haɗu. Amma ta ce ƙafar na ci kamar an tura ta cikin murhu, ni kuwa in na kai hannu kusa, sanyi nake ji irin na randa. Da safe ta yi ja, da yamma ta yi duhu tana sheƙi. Farcenta ya fi na ɗayar saurin girma, gashi ya fito a ƙwauri. In bakin zane ya goge ta, sai Adisa ta yi ƙarar da maƙwabciyarmu Maame Akosua mai sayar da dokunu, tuwon masarar nan, za ta leƙo ta katanga.

Ta daina cewa "ƙafata". "Waccan" take cewa, tana kau da kai.

Babanta ya ce tunda kaza ta warke, abin da ya rage ko shagwaɓa ko mutanen ɓoye. Muka koma, maɗori ya ƙara ɗaurewa tamau, ciwon ya ninka. Yanzu Malam, baban nata, ya kira wanzami, gobe zai zo ya tsattsaga ƙafar ya fitar da mugun jini. Ƙafar da ba ta jure zane, Inna, ina za ta jure aska?

Jiya da hantsi na ajiye mata ruwan ɗumi a ƙwarya, ban taɓa ta ba. Da kanta ta sauke ƙafar a hankali, yatsa bayan yatsa, tana cizon leɓe. Ba ta yi ƙara ba. Ta karɓi auduga ta shafa diddigen da hannunta. Nan na gane ƙafar a firgice take, sai an lallaɓa ta, kuma mai ita ce za ta fara.

Amma da na duƙa na kalli ƙafar cikin ruwan, sai na ƙura mata ido. Na san ta. Wannan sheƙin, wannan sanyin, yatsun da suka lanƙwashe ciki: haka taki ƙafar take ranar da muka yi miki wanka. Ni na riƙe ta aka zuba ruwa. Na san mamaci ba ya dawowa, na yi istigfari. Duk da haka, hannuna bai manta abin da ya wanke ba.

Ban taɓa musa wa Malam ba tun da aka kawo ni gidansa. Gobe zan shimfiɗa tabarmata a bakin ƙofar Adisa, wanzami ba zai wuce ni ba. Ban san abin da zai biyo baya ba.

Innata, idan kewar Adisa kike yi, ki ƙara haƙuri. Ni zan riga ta zuwa wurinki, in ba ki labarinta duka. Ki bar mini ita a nan, har ƙafar.

Allah ya haskaka kabarinki, ya yalwata miki shi, ya sa Adisa ta sake cewa "ƙafata". Amin.

'Yarki mai kewarki,
Salamatu