Wuƙar Tsoho Ta Zama Biyu

Gwaggo Hamdatu, salamu alaikum. Ki taimaka, tura ta kai bango.

Amma kafin nan ki san da wanda kike magana. Ni babban jami'i ne a ɗaya daga ofisoshin jakadancin da ke Manhattan, ba zan faɗi wanne ba saboda tsaro. In na yi tari, sakatarori ke rige-rigen kawo ruwa. A lokacin hutuna ina tara tsofaffin wuƙaƙen Turai, irin masu maɓallin nan da ake dannawa bakin ya fito fit kamar harshen hawainiya. Masana na zuwa neman fatawa a wurina. To amma ko babban alaramma wata rana wasali kan shige masa duhu, shi ya sa na ce bari in ji ta bakinki.

Matsalar ba tawa ba ce, ta wani yaro ce da nake tausaya wa. Yana zaune a unguwar Tremont, nan New York, gidan kawunsa Hafiz, tare da matar kawun, Anti Mariatu 'yar Kumasi, da kakansa Alhaji Rufa'i. An kawo tsohon daga Gusau a duba masa ido, likita ya ce ya zauna, sanyi ya ce ya tafi, ya bi ta likita. Ba abin da yake ji da shi a duniya kamar wata wuƙa mai maɓalli, ƙotarta baƙa da ratsin fari. Ya ce wani Ba'italiye direban katafila ne ya ba shi, lokacin yana saurayi suna aikin hanya tare, tun kafin a sauke tutar Ingila. Yadda ta shigo ƙasar nan kada ki tambaye ni, ki tambayi ƙullin daddawar da aka zo da shi.

Kullum bayan la'asar sai ya ciro ta daga jakarsa, ya danna, fit, ya ba da labarin katafila ko da mai saurare ko babu. In ya gama sai ya kai babban yatsa bayanta, ya ɗaga wani ɗan abu da farce, ya naɗe ta, ko kallo ba ya yi. Ba ya barin kowa ya taɓa. Cika bakinsa shi ne ko an ɗaure masa ido, an zuba ta cikin kwandon wuƙaƙe, tasa zai ciro.

Kin san tsakanin jika da kaka. Tsohon na kiran yaron ango marar amarya. Yaron na kiransa Sojan Taliya, wai Baturen ya ba shi wuƙar ne don yanka taliya, shi kuma ya mai da ita tarihi. Kada ki ce tsohon waliyyi ne. Ya taɓa zuba mini gishiri a shayi, wato ya zuba wa yaron. Ya taɓa ɓoye cajar waya cikin hularsa, ya zauna yana jan carbi ana ta birkita ɗaki a gabansa.

To sai ga wani abokin yaron, direban babbar mota, ya dawo daga wata jiha da wuƙa cikin safa, wai a kasuwar tsofaffin kaya ya gan ta. Gwaggo, kamar an tsaga kara. Tsawo ɗaya, ƙota baƙa da ratsin fari, maɓalli a wuri ɗaya. Shaiɗan ya zo ya zauna kusa da yaron. Yaron ya karɓi ta abokin, ya ɗauke ta gaskiyar ya tura cikin buhun shinkafa a kicin, ya sa baƙuwar a jakar tsoho. Niyyarsa a bar Sojan Taliya ya gama labarinsa tsaf da wuƙar wani, sannan a fito da tasa, a yi ta yi masa dariya har sallah.

La'asar ta yi. Tsoho ya ciro, ya danna, fit. Amma bai fara labarin ba. Ya auna ta a tafin hannu. Ya kai yatsa baya inda ya saba, farce bai sami abin kamawa ba. Ya sake, ya sake. Hannun ya fara rawa, ga bakin wuƙa a buɗe. Daidai nan Kawu Hafiz ya shigo daga aiki, ya karɓe ta, ya yi ta murɗa nan da can har ta rufu, ya ce, "Baba, don Allah ka bar wasa da wuƙa, hannun nan ba na da ba ne." Ya jefa ta cikin gwangwanin biskit ya ɗora can saman kabad. Tsohon da ko limami bai tsira daga bakinsa ba, ranar carbinsa kawai ya ɗauka. Ni kuma ina bayan ƙofa, dariyar da na tanada ta mutu murus.

Na so in fito in ce ni ne. Wallahi na so. Amma Kawu ne ya kawo ni ƙasar nan, kuma fuskarsa a ranar ba ta karɓar wasa. Na ce bari gari ya waye.

Gari ya waye da wata sabuwa. Anti Mariatu ta je ɗibar shinkafa za ta dafa da wake, hannunta ya ci karo da ƙarfe. Har falo muka ji ta: "Ei! Wane ne ya sa wuƙa cikin shinkafa na?" Sai aka waiwaya aka kalli tsoho. Ta sauko da gwangwani ta ga wata a ciki, ta ce ashe Baba biyu yake da su, ya manta ne. Ita kuwa duk ƙarfen da ya shiga kicin ɗinta sai ya ga fuskarsa a jikinsa. Ta danna su suka buɗe, ta sa soson ƙarfe da lemon tsami ta dirje su tas, ta naɗe cikin tsumma a buɗe ta mayar gwangwani, don ita ma ba ta san yadda ake rufewa ba. Da can ina gane ta kaka da duhun da shekaru suka yi mata. Yanzu duka biyun suna ƙyalli kamar haƙorin Makka.

Abin da ya hana ni sakat ke nan. Na ji Kawu da Anti suna ƙus-ƙus, wai a kai Baba likitan mantuwa. Shi kuma ya daina labarin katafila. Shayina ya koma sukari zalla, ba daɗi. Jiya ya kira ni da sunana na yanka, wanda rabon da in ji shi a bakinsa har na manta, ya ce in zauna in saurare shi zai ja Tabara, in ya tsallake aya in gaya masa, kada in ji kunyarsa. Ya ja har ƙarshe, ko wasali bai faɗi ba. Da ya shafa sai ya zauna yana kallon babban yatsansa.

Ina so in mayar masa da tasa cikin jaka a ɓoye, ya ciro, ta rufu, ya ga hannunsa lafiya lau. Amma in na kuskure na sake sa baƙuwar, yatsan ya sake neman abu bai samu ba, to na gama da shi. Na sauko da gwangwanin na duba. Ɗaya tana da rubutu a gindin bakin, ɓaro-ɓaro, XONI. Na nemi maƙerin nan Xoni a waya har batir ya mutu, ba labarinsa. Ɗayar rubutunta ya dushe kamar allon da aka wanke. Zuciyata ta fi karkata ga mai rubutun, tunda abu mai asali ai da shaida yake zuwa. Yaya ake gane tsohuwa da sabuwa? Kuma da gaske za a iya sanin ko ta kai shekarun da yake faɗa?

Kin dai riga kin gano ni tun wajen gishiri. Babu ofis, babu sakatare. Keken dilibari gare ni na kai wa mutane saƙo, shi ma birkinsa sai da addu'a. Karatuna na allo ne, na sauke a Gusau, bokon nan da kike gani a waya da allunan titi na tsince shi. Na ari babbar riga ne don kada ki ga wasiƙar ƙaramin mutum ki ajiye ta gefe.

Ni ne yaron. Jikan Sojan Taliya, Nafi'u.

*

Ranka ya daɗe Jakada,

Wa alaikumus salam. Ajiye rigar aron, a filin nan layi ɗaya ake bi. Na canza sunayen gidanku, za ka ga dalili a ƙasa.

Ni wuƙar albasa kawai na sani, don haka na kai tambayarka wurin wani dattijo da ya daɗe yana nazarin irin waɗannan wuƙaƙe. Da farko, juya wuƙar. Ka riƙe ta kai a ƙasa ne. Ba XONI ba ne, INOX ne, kuma ba sunan maƙeri ba ne, yana nufin ƙarfen da ba ya tsatsa. Ana buga shi a tsofaffi da sababbi, saboda haka shi kaɗai ba ya raba gardama. Rubutu mai kyau ba shaidar tsufa ba ne, sau da yawa ma akasin haka.

Abin da ya fi raba su shi ne yadda ake rufewa. Dattijon ya ce yawancin na Italiya da aka ƙera daga shekarun 1950 zuwa baya, akwai ɗan kunne a ƙarshen ƙarfen baya, kusa da wuya, wanda ake ɗagawa da farce kafin bakin ya naɗu. Daga baya maƙera suka koma wani salo, inda ƙarfen wuyan ne ake turawa ya saki bakin. Wannan na biyun ne kawunka ya faɗa a kai da yana murɗe-murɗe. Sai ƙota. Ƙahon gaske launinsa ba ya tafiya daidai, yakan ɗan tsage kusa da ƙusoshi, yakan ɗan janye daga ƙarfe saboda shekaru. Roba kuwa sumul take, ɓangarorin biyu kamar tagwaye. Ƙusoshin da aka buga da hannu ma kansu ba ya zama iri ɗaya. Ya ja kunne cewa ana yin sababbi a kan tsohon salo, kuma ba mai iya ba ka shekara takamaimai, sai dai zamani. Amma in alamun nan sun haɗu, labarin kakanka ya zauna daram. A daina dirza ta kuma, duhun nan da aka kankare yana cikin shaidarta. Ɗigon mai ya isa.

To ka ga da ido ma za ka iya gane ta. Sai dai ban yarda ka mayar a ɓoye ba. In ka yi haka, gobe za ta rufu, amma zai ci gaba da yarda cewa ran nan hannunsa ya ci amanarsa, kuma shi ya tura wuƙa cikin shinkafa bai sani ba. Zai zauna yana jiran ranar da abin zai dawo. Ba wuƙar ce ta ɓace masa ba, yarda da kansa ce, ita kuwa ba a saka ta cikin jaka a ɓoye.

Kada ka ga laifin Mariatu, tsafta ta yi. Kawunka ma tsoro ne ya yi magana da bakinsa, kuma yana da hujjar da ta wuce rawar hannu: dokar New York ba ta wasa da wuƙa mai maɓalli, ko ta gado ce. Kada ka sa ko ɗaya a aljihu, kada ka hau jirgin ƙasa ko kekenka da ita. Ku nemi lauya ya gaya muku abin da ya dace da tsohuwar, da yadda za ku rabu da baƙuwar. Zuwa likita kuma ba aibu ba ne ga mai shekarunsa, amma a je da labarin gaskiya, ba wanda ka ƙirƙira ba.

Ka tara su ukun. Ka faɗi abin da ka yi tun daga safa har buhu, ba tare da wasa ba, sau ɗaya dai a rayuwarka. Sannan ka ajiye wuƙaƙen a faranti, ƙota wajensa, kada ka nuna masa ko ɗaya. Bar shi ya zaɓa, ya rufe abarsa a gaban ɗansa. Kawu zai yi faɗa, ka sunkuyar da kai ka sha, ba a mayar da mutum Gusau saboda wannan. Abin da ya kamata kakanka ya ji daga bakinka shi ne, duk gidan nan shi kaɗai ne ya gane an canza wuƙar, kuma tun taɓawar farko.

Kada ka jira Juma'a, yau za ka yi. Allah ya ƙara wa Alhaji lafiya da nisan kwana, kai kuma ya shirya mana kai.

Gwaggonka,
Hamdatu