Rimot Ɗin Yana Jakata

Yaya,

Na tafi aiki, na bar ka kana ta sharar barci.

Ɗazu na zo shiri, na kunna fitilun madubina, shiru. Ashe an ɓanɓare su gaba ɗaya. Ina leƙa ɗakinka sai ga su cikin akwatin kwamfutar da kake haɗa wa mutumin nan, suna ta walwali ta bayan gilashin robar da ka yanka jiya. Sannu da ƙoƙari. Ya yi kyau, ba ƙarya.

Sai dai ka manta da rimot suke aiki. Na mayar da su ruwan hoda, har da ƙyaftawa. Na kuwa ji ka ce ja wur yake so, kuma yau zai zo ɗauka.

Kada ka wahalar da kanka da bincike, rimot yana jakata. Sayo sababbi ka manna min a madubi, ka turo hoto, sai in aiko maka da shi.

Af, ledar nan ta jikin gilashin, wadda ka ce ba mai ɓare ta sai kai? Na ɓare. A hankali. Daɗi kamar me!

Ƙanwarka