Idon da Salmanu Ya Aika Batsari

Runka, ta Safana,
9 ga Nuwamba, 1974.

Zuwa ga ɗana Salmanu,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai yawa da fatan alheri, ina roƙon Allah ya sa takardar nan ta same ka lafiya, kai da abokan aikinka a can Jamus. Allah ya tsare ka daga sanyin ƙasar da aka ce har ruwa yake daskararwa. Mu nan sai godiya. Damina ta yi kyau bana, ba kamar bara da fari ya cinye mana shanu ba. Gero ya shiga rumbu, dawa ce ta rage. Innarka Tasalla tana fama da ciwon gwiwa, amma da sauƙi. 'Yar'uwarka Kulu ta haihu, an sami mace. Armaya'u direba ya kawo mana bargon da ka aiko, mun gode, Allah ya yi maka albarka.

To, ɗana, akwai magana a raina, kuma ka san ni ba na iya ƙunshe abu. Ranar kasuwar Batsari na kai gyaɗa, sai na hangi taro a rumfar ɗinkin mahaifinka Haliru, har na zaci gobara ce. Da na kutsa, na tarar da shi riƙe da na'urar ɗaukar hoton da ka aiko masa. Yana nuna wa mutane wani ɗan gilashi a goshinta, bai fi ƙwayar wake ba, yana cewa wai shi ne idon da ke tattara haske ya auna shi, kuma ɗansa ne ya zana shi da hannunsa kafin Turawa su ƙera. In ya rufe shi da yatsa sai wata allura ta kwanta, in ya ɗaga ya fuskanci rana sai ta miƙe, jama'a su ɗauki salati. Daga bakinsa na ji cewa na farko da kuka yi ya cika girma, ya ƙi shiga mazauninsa, na biyu yana watsar da haske, sai da ka yi ta rage shi kana sauya lanƙwasarsa kafin ya zauna daidai. Ashe duk ka rubuta masa wannan. Ni kuwa takardata layi kaɗan ce, gaisuwa da tambayar shanu.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne, mutumin da a da ko sunanka ba ya iya faɗa saboda kunyar ɗan fari, yau shi ne ke cika baki da ɗana, ɗana, a tsakiyar kasuwa. Malam Labaran mai goro ne ya tuna masa cewa ga wanda ya riƙe yaron nan tsaye, a ba shi ya gani mana. Sai Haliru ya miƙo mini, yana gargaɗina wai in riƙe a hankali, wannan ba ƙotar fartanya ba ce. Aka yi dariya, ni ma na yi, amma Allah ya sani ba ta kai ciki ba. Na mayar masa, na sayar da gyaɗata yadda aka taya, na hau keke na dawo gida ban ko biya na gaida mahaifiyarka Ramatu ba.

Da na ba Tasalla labari, ta ajiye muciya ta shige ɗaki. Daga baya take cewa, lokacin da ƙyanda ta kama ka idanunka suka manne, ita ce ta yi ta wanke su da ruwan ɗumi tana addu'a har suka buɗe, ga shi yau idon ya ƙera wani ido, an kai shi wani gida. Na ce mata ta yi haƙuri, ba a raba hanta da jini, Haliru ubanka ne, Ramatu kuma ƙanwata ce ciki ɗaya. Amma ina ba ta haƙuri ne alhali ni ma ina nema. Tun da aka yaye ka aka ɗora mini kai a kafaɗa. Ni na kai ka makarantar Safana lokacin da mahaifinka ke cewa boko ɓata yaro ne. Ban faɗa don gori ba. Bargo abu ne mai amfani, muna lulluɓa da shi, sai dai ba wanda ke taruwa kallon bargo, ba kuma wanda zai dube shi ya ce wannan aikin hannun Salmanu ne.

Ba na ce ka aiko mini da na'ura ba, me zan ɗauka da ita, kaji? Ko ɗan gilashin da ya lalace aka jefar, in ka naɗo mini a takarda, ya ishe ni in sa a aljihu. Labarin aikinka kuma ka riƙa rubuto mini da kanka, na yi yaƙi da jahilci, ina karantawa ko da a hankali.

Sannan Haliru yana gaya wa mutane za ka zo da Babbar Sallah, har ya sa an yaɓe maka ɗaki. In ka sauka a Kano, hanya biyu ce. In ka bi ta Katsina, Batsari za ka fara isa. In ka bi ta Dutsin-Ma kuwa, sai ka ratsa Safana da Runka. Ba zan zaɓa maka ba, kai ba yaro ba ne. Amma Tasalla ta ware ragon da ta fi so, ta hana a kai shi kasuwa.

Tasalla tana gaishe ka ƙwarai. Kulu da mijinta Sammani, da Hansai, da Asama'u, duk suna miƙa gaisuwa. In za ka rubuta Batsari, ka gaishe mini da iyayenka, amma kada ka ambaci wannan takarda. Allah ya dawo mana da kai lafiya, amin.

Ni ne kawunka da ya riƙe ka,
Daudu Runka.