Wa Ka Zo Gani?

Koenji, Tokyo
Farkon sanyin kaka

Zuwa ga Chisato,

Sanyin idona, hasken safiyata, ruwan farko a kan ƙasar da ta gaji da jira, tagullar da ta fi mini zinariya. Ke da kika shigo rayuwata ƙafa ɗaya da takalmi ɗaya da safa, kika kuma tafi da rayuwar gaba ɗaya ba ki bar mini ko ƙyalle ba. Ina gaishe ki gaisuwar wanda ya rasa inda zai ajiye hannuwansa tun da kika bar garin nan. Ya tsaunukan Ehime? Ya itatuwan lemon mahaifinki? Ya kunnen?

Na san kin ce kada in ƙara tambayar kunnen. Ga shi na tambaya, ki ɗora a kan sauran halayena da kika daɗe kina haƙuri da su.

Doka biyu kika kafa mini ranar da kika tafi: kada in biyo ki, kada kuma in daina zuwa Rijiya. Ta biyun na riƙe ta da gaskiya, duk wasan da aka yi ina nan. Ta farkon ce ta hana ni sukuni, a kanta nake wannan rubutu, kuma tun da ranar wanka ba a ɓoyon cibi, bari in faɗa tun daga sama: ina so in zo wurinki, in zauna, ba ziyara ba.

Kin tuna yadda muka haɗu? Ni kam ko an tashe ni daga barci zan ba da labarin. Rijiya ce, ɗakin kiɗanmu na ƙarƙashin shagon wanki, mai matakalar da ta karya wa mutane da yawa girman kai, wanda idan ya cika sai an yi numfashi bi da bi. Haƙoran Tsatsa ne a kan dandamali, 'yan kiɗan punk ɗin nan da ba su taɓa gama waƙa tare ba, mai ganga ya riga kowa isa, mai jita yana biye yana zagi. Ana ta turereniya, kafaɗa na dukan kafaɗa, gumin wani na shiga idon wani, sai na ji na taka wani abu. Takalmi ne baƙi na yadi, ƙafar hagu. Na yi abin da kowa ke yi a wurinmu: wanda ya faɗi a ɗaga shi, abin da aka tsinta a ɗaga shi sama har mai shi ya gani. Na ɗaga. Waƙa ta ƙare, wata ta fara, hannuna na sama yana neman tsinkewa. Can sai ga ki kina ɗingishi kina ratso mutane.

Kika ce, "Ɗan'uwa, sauke hannun haka nan, ba tutar ƙasa ba ce."

Na ce, "Ta ina zan san naki ne?"

Kika ɗaga ƙafa kika nuna mini safa, babban yatsa ya leƙo ta rami. Kika ce, "Ga shaida. Ko sai na kawo maka takardar haihuwarsa?"

Ban gama dariya ba kika ɓace. Da Haƙoran Tsatsa suka sauka, Kifin Gwangwani suka hau, sai ga mai safa mai rami a gefen hagu, riƙe da dogon ƙahon tagulla, wanda ake tura hannunsa a jawo. Kika cika kumatu kika busa. Chisato, me kika yi mini a ranar? Ni da nake ganin ska, irin kiɗan da kuke yi, na mutanen da ba su da damuwa ne, ni da ban taɓa ɗaga gwiwa na yi rawa ba sai dai in tura a ture ni, sai ga ni ina tsalle ina kaɗa gwiwar hannu kamar zakaran da aka watsa wa ruwa. Daga ranar wurin tsayuwata ya zama gaba ta hagu, daidai bakin ƙahonki. Sau nawa kika kusa fasa mini hanci da shi? Har yau ban yarda cewa duka kuskure ba ne.

Morishita-san yana gaishe ki, kodayake bai ce in gaishe ki ba, kin san shi. Yana nan a kan kujerarsa a bakin matakala, da kofunan takarda jere a gabansa, kowace ƙungiya da nata, yana tambayar duk mai shiga, "Wa ka zo gani?" kafin ya yage tikiti ya jefa guntun a kofin waɗanda aka ambata. In an tashi ya miƙa wa kowace ƙungiya kofinta, su ga da idonsu wa ya zo dominsu. Ko 'yarsa ta cikinsa sai ya tambaye ta. Ni kuwa shekaru ya yi yana tambayata yana sanin amsar. In ce, "Kifin Gwangwani." Ya ce, "Gwangwanin duka, Teppei-kun, ko dai akwai kifi ɗaya a ciki?" Ke kuma kina bayan labule kina jinmu kina ƙunshe dariya.

Ba na son tuna hunturun da ya wuce, amma shi yana son tuna ni. Safiyar da kika tashi kika ce kunnenki na hagu kamar an cika shi da ruwa. Zaryar asibiti, ƙwayoyin da suka kumbura miki fuska ba su dawo da komai ba. Sannan maganar likita, cewa wannan ya tafi, in kina son ki tsira da ɗayan sai ki yi sallama da duk inda ake da lasifika. Ba ki yi kuka a gabana ba. Kika goge ƙahon, kika sa shi a akwatinsa, kika ce dama mahaifinki ya tsufa, gangaren gonar ya fi ƙarfin gwiwarsa. A rumfar taliya ta bakin tasha kika yanke mini hukunci, kwanonki yana hucewa ba ki taɓa ba.

Kika ce, "Teppei, kai da shiru kamar kifi ne da tudu. Ƙauyenmu in ƙarfe bakwai ta yi, kukan kwaɗi ne kaɗai kiɗa. Wata biyu za ka yi ka fara jin haushina, ni kuwa gara ka yi kewata da ka ji haushina."

Na ce, "Ba ki gwada ni ba."

Kika ce, "Ba na gwaji da abin da ba ni da na biyunsa. Kunne ya koya mini."

A ranar ni kaina ban san ko gaskiyarki ce ba. Tun ina ɗan sha bakwai nake sauka ramukan kiɗan nan. Can na yi abokai, can na koyi cewa mutum zai iya faɗuwa hannu goma su ɗaga shi. Da rana ina yawo da akwatin kayan aiki ina gyaran injinan sayar da abin sha na bakin titi, babu mai ce mini sannu, ina jiran yamma kamar mai jiran sallama daga kurkuku. Kin san duk wannan, shi ya sa kika ji tsoro. Ban ga laifinki ba, amma ki saurari abin da ya faru ranar Lahadi.

Wasan rana aka yi. Kifin Gwangwani sun sami sabon mai ƙaho, kuma don kada ki ji a bakin wani, ya iya. Ba ya kuskure ko ɗaya, wannan ce ma matsalarsa. Na shiga layi kamar kullum, na iso gaban Morishita-san, bai ɗago kai ba ya ce, "Wa ka zo gani?"

Na buɗe baki, sunan da na saba faɗa ya ƙi fita. Ba zan iya yi wa tsohon nan ƙarya ba. Sai na ji bakina ya ce, "Chisato."

Ya ɗago ya dube ni ta saman tabarau. Ya ce, "Ba ta cikin masu wasan yau, Teppei-kun."

Na ce, "Na sani."

Na bayana suka fara gyaran murya. Ya dubi kofunan ɗaya bayan ɗaya, babu inda zai sa ni. Sai ya ɗauki kofin shayin sha'ir ɗinsa, ya shanye sauran, ya kakkaɓe shi, ya jefa guntun tikitina a ciki, ya ajiye a ƙarshen layi. Ya ce, "To, ga nata. Tunda nake zaune a nan na ga mashaya, na ga mahaukata, amma ban taɓa ganin wanda ya san wa ya zo gani ba, ya san ba ta nan, kuma ya biya ya shiga. Sauka, kana tare wa mutane hanya."

Na sauka na tsaya a wurina, gaba ta hagu. Na sa abin toshe kunnen da kika tilasta mini saya, kin ga ina jin magana. Aka fara. Ganga na dukan ƙirjina, ƙasa na rawa, yara da tsofaffi gwiwa sama gwiwa ƙasa, Sohei mawaƙinku na ihu a makirfo har jijiyar wuyansa ta miƙe. Komai yana nan yadda kika bar shi. Ni kaɗai ne na tsaya kamar turken da aka kwance wa akuya. Ya rabin raina, wane irin shiru kike tsoron ya kashe ni a Ehime? Akwai shirun da ya kai na mutum a tsakiyar ɗaki cike da kiɗa, yana kallon wurin da ya kamata ki tsaya? Kwaɗin ƙauyenku ai mawaƙa ne idan aka kwatanta da abin da na ji a Rijiya ranar nan. Kaɗaici ne, ba ni da wani suna da zan ba shi, kuma ya kai mini har ƙashi.

Da waƙa ta uku ta ƙare hannuwa suka tashi sama kamar yadda aka saba, wannan da hula, wancan da tabarau, wata da takalmi. Ɗaya bayan ɗaya masu kaya suka karɓi kayansu, hannuwa suka sauka. Sai na ji Sohei ta lasifika yana cewa, "Teppei, kai kuma me ka tsinta?" Na duba, ashe hannuna na sama, babu komai a cikinsa. Na ce, "Ba tsinta na yi ba, yarwa na yi." Ɗaki ya fashe da dariya, ni ma na taya su. Sohei ne kaɗai bai yi ba, ya juya ya ce wa mai ganga a tafi.

Da muka fito rana ba ta faɗi ba, injinan shagon wanki na ta juyi, wata tsohuwa na wucewa da daikon, farin tushen nan mai kama da ƙaton karas, a kwandon kekenta. Morishita-san ya gama raba wa ƙungiyoyi kofunansu, saura ɗaya. Ya tura mini shi da bayan yatsa. Ya ce, "Ƙa'ida ce, kofi na mai shi ne, ba ya kwana a hannuna. Ni gwiwata ba ta kai Ehime. Kai kuma na ga ba ka da aikin yi a nan."

Yana gabana yanzu a kan tebur. Kofin takarda ne, da tabon shayi a gindinsa da guntun tikiti ɗaya tal. Na san kin saba da kofin da ya fi wannan cika, amma ba ki taɓa samun wanda naki ne ke kaɗai ba.

Saboda haka ga roƙona, tauraruwata, inuwata a tsakar rani. Idan kiɗa ya canza rawa ma sai ta canza, ki bar ni in koyi sabuwar. Ban ce zan iya tsinkar lemo ba, mahaifinki zai sha takaici kafin in bambance nunanne da ɗanye, amma bayana yana da ƙwari, gangare ba ya ba ni tsoro, wanda ya yi shekaru yana hawa matakalar Rijiya ba a yi masa barazana da tudu. Sana'ata ma ba za ta mutu ba. A hoton da kika aiko wa Sohei, wanda ya nuna mini bayan na yi masa naci, akwai injin abin sha a bayanki kusa da tashar bas, fitilarsa ɗaya ta mutu. Kin ga garinku yana bukatata ko da ke kin ƙi faɗa.

Ba zan yi miki alkawarin ba zan yi kewar Rijiya ba, za ki gane ƙarya ce tun kafin ki kai ƙarshen layin. Zan yi kewarta. Wata rana za ki same ni ina kaɗa ƙafa a gindin bishiya ba kiɗa ba ganga, ki yi mini dariya. Amma na gwada Rijiya babu ke, ke kuma ba ki gwada ni babu Rijiya ba, kika yanke hukunci a kan shari'ar da ba a saurara ba. Ba tausayinki ne zai kawo ni ba, in akwai abin tausayi a cikinmu ni ne. Ba zan tambaye ki ƙahon ba, in kin so ya zauna a akwatinsa har abada. Zan koyi tafiya ta damanki, zan koyi zama ta damanki a wurin cin abinci, ni da na yi shekaru ina tsayawa ta hagu.

Idan lemo ya nuna aka fara tsinka, zan shigo jirgin ƙasa zuwa Yawatahama, in hau bas ɗin da ke hawa tsauninku. Kawo kofin dole ne, wannan ba dokarki ta hana ba, ta Morishita-san ce, kuma ta girmi taki. Zan tsaya a ƙofar gidanku, ba zan taka ko dakali ba. Kin san yadda ake yi a wurinmu, ba a shiga sai mai ƙofa ya yi tambaya. Idan kin fito kin karɓi kofin kin yi shiru, zan sunkuyar da kai in koma tashar bas, in gyara muku fitilar nan kafin motar ta zo, ba kuma za ki ji na ce miki komai ba.

Amma ki tambaye ni, Chisato. Kalma huɗu ce, kin ji ta sau ba adadi ta bayan labule. Ki tambaye ni, zan matso ta damanki in ba ki amsa a hankali, yadda ba za ki rasa ko harafi ɗaya ba.

Naki jiya, naki yau, naki har ranar da ƙirjin nan zai daina kiɗa, wanda hannunsa ke sama har yanzu,

Teppei